Ranar da na hau dutse mai aman wuta a tsibirin Fogo

Tun da na dawo kuke tsare ni a wurin zubi: "Shugaba, da gaske kin hau dutsen wuta?" To ga labarin, kowa ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Wani taron ƙungiyoyin mata ne ya kai ni ƙasar Kap-Ber. Tsibirai goma ne cikin teku, yamma da Dakar, tara daga ciki akwai mutane. Da aka tashi taro a Paraya, babban birninsu, sai aka kai wasunmu tsibirin Fogo. Da harshen Fotugis, Fogo na nufin wuta, kuma ba a banza aka sa masa sunan ba. Dutsen da ke tsakiyarsa ya kai mita 2829. Ku tuna, ƙololuwar Bagazam ta ƙasar Ayar, wadda ta fi kowace tsawo a Nijar, mita 2022 ce.

Daga garin Sawo Filip mota ta yi ta hawa da mu har muka shiga wani makeken kwari da ake kira Sha das Kaldairas. Katangar dutse ta kusa zagaye shi, ƙasa kuma baƙa ƙirin kamar an zubar da gawayin duniya duka. Can muka kwana. Sanyi kam, sai ka ce hunturun Agadas.

Da asuba jagoranmu ya zo, saurayi ne ɗan ƙauyen, sa'an ɗana na fari. Ya dubi silifas ɗina, ya girgiza kai. Matar gidan da muka sauka ta ara mini takalman ƙaninta da wando, na ɗaura zane a kai, na tamke ƙugu da gyale. Kowa ta ɗauki ruwa da burodi da cukun akuya. Ƙarfe shida muka kama hanya, mu shida da tafinta.

Da farko tafiya ce cikin gonaki. Abin mamaki, a cikin wannan baƙar tsakuwa suke noma. Suna haƙa rami su dasa inabi a ciki, ramin ya tara raɓa da ɗan ruwan da ya sauka, ya kare shukar daga iska. Nan take na tuna da tassa da muke haƙawa a fako. Akwai ɓaure da rumman da wake ma.

Da gonaki suka ƙare, wahala ta soma. Taki biyu gaba, tsakuwa ta maido ki ɗaya baya. Daga nan sai duwatsu, wani wurin sai da hannu da ƙafa. Bayan awa uku gwiwata ta hagu ta ce ba ta san zancen ba. Numfashi ya yi mini wuya, domin iskar sama ba ta cika ƙirji kamar ta ƙasa. Na dubi baya, gidajen sun koma kamar ƙwayar gero. Wallahi tsoro ya kama ni. Na zauna na ce, "Ɗana, ku tafi, ni nan na tsaya."

Matsalar ita ce jagora ɗaya ne. Ba zai bar ni ni kaɗai ba, ba zai bar sauran su hau ba shi ba. In na koma, kowa ya koma, kuɗin da muka haɗa muka biya kuma ya tafi. Ba wadda ta yi mini gori, amma na ga fuskokinsu.

Yaron ya tsuguna kusa da ni, ya miƙo mini sandarsa. Ta bakin tafinta ya ce, "Mama, kar ki dubi sama. Ki dubi ƙafata. Taki ashirin, mu huta." Ya kuma nuna mini wani baƙin fili can ƙasa, ya ce gidansu na ƙarƙashinsa.

A hutun taki ashirin-ashirin ɗin nan na ji labarin. Ranar 23 ga Nuwamba 2014 dutsen ya tsage daga gefe, narkakken dutse ya malalo, bai lafa ba sai watan Fabarairu 2015. Ya binne ƙauyukan Portela da Bangayera, har lakwal da wuraren ibada. Ba wanda ya mutu, domin malalar a hankali take tafiya, mutane suka samu suka kwashe dabbobi da kayan ɗaki, wasu har ƙofofi da tagogi suka ciro. An kai su ƙauyukan gangare, amma da yawa suka dawo, don gonakinsu na nan. Suka yi gini a kan dutsen da ya cinye gidajensu, wasu ɗakunan ma daɓensu ya daɗe yana zafi. Na ce da me kuka gina? Ya ce da junta mon, wato haɗa hannu. Gayya ke nan, irin tamu: yau a ɗora rufin wannan, gobe na wancan.

Haka muka yi ta ƙirga ashirin har muka kai bakin ramin, bayan awa biyar. Warin farar wuta ya doki hancina kamar baragurbi. Gajimare na ƙarƙashinmu, teku kuma ko'ina. Saura ɗan hawa mai tsanani kafin ƙololuwa, mutum biyu suka ƙarasa da jagora, mu muna zaune muna hangensu. Ni ban ƙarasa ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

Saukowa kuwa wasan yara ce. Akwai gangaren toka mai laushi, ki kafa dunduniya ki zura da gudu, ƙafa na nutsewa har ƙauri. Ni da jikoki biyu, ina ihu ina dariya! A ƙasa, kusa da inda wutar ta ɓullo, yaron ya cusa busassun ƙirare cikin wata tsaga, ba a daɗe ba suka kama da wuta.

Da dare aka ba mu kacupa, dafaffen masara da wake. Na mayar da takalman aro cike da toka, matar ta yi ta dariya.

Ba na cewa su yi zama a bakin wuta daidai ne, su ma sun san za ta sake tashi, kamar yadda ta yi a 1951 da 1995. Amma mu da ambaliya ke rushe wa ɗakuna kowace damina, mun san abin da ke maido mutum ƙasarsa. Shi ya sa a zama mai zuwa ina so mu sake duba kuɗin asusun agaji. Wadda take son ganin tsakuwar Fogo ta zo da wuri, na ƙullo kaɗan a bakin zane.