Ƙaramar Bindiga Cikin Tarikar Mahaifinmu

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana ƙaramar bindigar aljihu a Masanawa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Dangi suka ce da ita aka yaƙi Nasara a 1903. Ban karɓa ba, domin ji ba shaida ba ne. Wani tsohon maƙeri a Gwarzo ya kankare tsatsarta, sai ga hatimin ELG, alamar gwajin bindigogin Beljiyam.

Babban wanmu ya so ya riƙe ta bisa girma. Na ce masa, Yaya, tarika ce, 'yan'uwanmu mata suna da rabo cikinta. Masana biyu adilai suka yi mata ƙima, ya biya, aka raba kuɗin bisa fara'ili. Tammat.