Maɗaciya Ba Shara Ba Ce



A jikin rago ba abin da aka raina kamar maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama. Mu a Sabon Birni ita ake fara koya wa yaro ranar Layya: a ɗaga hanta a hankali, a yanke 'yar koriyar jakar nan, a jefar. In ta fashe, ko sau nawa aka wanke naman ɗacin yana nan.

Amma abin da muke jefarwa yana da babban aiki a jikin mai rai. Hanta ce ke haɗa ruwan ɗacin, ba dare ba rana. A jikin babban mutum takan samar da wajen rabin lita ko fiye a yini. Maɗaciya rumbu ce kawai. Ba ta ɗaukar abin da ya wuce mililita 50 sosai, don haka sai ta tsotse ruwan ta bar mai kauri. Da ka ci tsire ko miya mai man gyaɗa, maiƙon ya isa farkon ƙaramin hanji, sai ta matse ta sako ɗacin. Shi ke farfasa kitse ya zama ƙananan ɗigo, kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya, sannan jiki ya iya narkar da shi. Kusan kashi 95 cikin 100 na gishirin da ke cikinsa hanji ke mayar wa hanta, a sake aiki da shi.

Launinsa kuwa daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini yake, waɗanda kan yi kwana 120 su mutu. In hanyarsa ta toshe sai ido ya yi ɗorawa, mu ce shawara. In ya daskare a jakar sai ya zama tsakuwa, abin da ke yawan damun masu sikila. Raƙumi da doki ba su da jakar sam, ɗacinsu kai tsaye yake zuba cikin hanji.

Na kawo wannan ne don mu 'yan Gobir muna rubutu da ɗaci a rai. Ban manta matafiyan da aka ƙona cikin mota a Gidan Bawa a Disambar 2021 ba, balle kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Agustan 2024. Duk sanda na ɗauki biro, waɗannan ne ke fara zuwa.

Labaran da ake turowa nan iri biyu nake gani. Wani ya fasa maɗaciyar a shafin farko, zagi da la'anta, mai karatu ya ture. Wani ya riƙe ta gam, ya rubuta soyayya kamar ba a taɓa rufe hanyar Isa ba. Ni dai abin da nake gwadawa yanzu shi ne in saki ɗacin kaɗan-kaɗan, a daidai inda labarin ya yi nauyin da mai karatu ba zai iya haɗiyewa ba.

Ku fa, ya kuke yi da naku?

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya.