Na'urar Da Ta Ƙi Yatsan Mahaifina

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin abin da ya same mu.

Ni malamin makaranta ne a Malumfashi. Kwamfutar da nake aiki da ita tana da wata 'yar na'ura, ba ta fi ƙwayar gujiya ba. In na ɗora yatsa sai ta buɗe, ba sai na rubuta kalmar sirri ba. Na daɗe ina yabonta, har ran da na raka mahaifina wani ofis a Funtua bayan tsinkar auduga, inda ba a biyan mutum sai irin na'urar nan ta shaida shi. Tsoho ya ɗora babban yatsa sau biyar, ta ƙi. Akawu ya dube shi kamar wanda ya zo da sunan wani. Mutumin da ya shekara arba'in yana dangwala tawada a kasuwar auduga, ba a taɓa musa masa ba!

To, ga yadda abin yake. Da fari akwai rajista. Za ka ɗora yatsa sau da yawa, na'ura ta duba zanen fata, ta lura da inda layi ya ƙare da inda ya rabu biyu, ta mai da su lissafi ta ajiye. Irin ta kwamfuta lissafin nan takan riƙe, ba hoton yatsa ba. Duk ran da ka komo kuwa sai ta gwada sabo da tsoho. Ba su taɓa zuwa daidai cif, don haka maƙeranta suka yanka mata iyaka. In an tsananta, ta kori mai gaskiya. In an sassauta, ta karɓi baƙo. Rage wannan kuskure, ƙara wancan ne.

Wasu da haske suke dubawa, wasu da lantarki, amma duk zane suke nema. Shi kuwa zane fartanya takan cinye shi, hunturu ya busar da fata ta tsattsage. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014 manoma ke gamuwa da wannan. Kai, ba talaka kaɗai ba: a zaɓen 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta kasa tantance Shugaba Jonathan kansa a Otuoke, sai da hannu aka yi masa.

Ina roƙon akawuna, in na'ura ta ƙi dattijo, kada a kunyata shi gaban jama'a. A sa shi ya hura wa yatsan iska, ko a gwada wani. Mu dai Allah ya sa ranar rajista yatsu goma aka ɗauka, ɗan ƙaramin yatsan hagu, wanda bai cika shan ƙota ba, shi ya fisshe mu. Da na koma gida na ƙara wa kwamfutata yatsa na biyu, na kuma sake haddace kalmar sirrin da na kusa mantawa.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Malumfashi.