Ni a Ruwa, Ita a Jirgi

A shekarar 2019 ni da uwargidana muka yi kwana 5 cikin jirgin ruwa a tsibiran Komodo na ƙasar Indonesiya. Nan muke ci, nan muke kwana. Sau 3 a yini nakan goya tulun iska in nutsa, ina kallon kifaye masu fukafukai, faɗinsu ya fi tabarma. Ita kuwa ba ta iya iyo ba, sai ta zauna tana duban agogo har in fito. Ban ko lura ba.

A dare na uku ta ce, "Maigida, gadin takalmanka ka kawo ni?" Kunya ta rufe ni.

Kashegari na fasa nutso, muka sauka tsibirin Rinca. Akwai wani irin guza a can, tsawonsa yakan kai mita 3, yana kashe barewa har da ɓauna. Da muka yi kiciɓis da ɗaya, ga mai gadin dajin ba ya riƙe da kome sai sanda mai baki biyu, gwiwata ta yi sanyi. Ita ce ta kama hannuna tana dariya.

Mai karatu, kafin ka biya kuɗin tafiya, tambayi abokiyar zamanka abin da take so ta gani.