Tafintan Baba

A ƙarshen kowane zangon karatu, makarantarmu takan miƙa wa kowane ɗalibi ambulan mai ruwan ƙasa, da takarda biyu a cikinsa. Ta farko katin sakamako ce, mai ɗauke da makin kowane darasi, da matsayin da yaro ya zo a aji, da ɗan fili a ƙasa inda uba zai sa hannu. Ta biyu wasiƙar shugabar makaranta ce zuwa ga iyaye, wadda a cikinta take ba da labarin abin da ya gudana a zangon: gidan da ya lashe wasannin motsa jiki, yaran da suka wakilci makaranta a muhawara, rufin ɗakin gwaje-gwaje da aka gyara, malamin da ya yi ritaya, kuɗin zango mai zuwa da ranar dawowa. Dukkan takardun da Turanci ake rubuta su. Baba kuwa bai yi boko ba. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, yana rubuta ajami da hannu mai kyau, amma Turanci ko gaisuwa ba ta wuce masa jimla biyu. Saboda haka tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare na zama tafintansa.

Makarantar ta 'yan Katolika ce, tana ƙetaren kogin Kaduna, mu kuwa muna zaune a Tudun Wada. Wanda ya san garin ya san abin da wannan ke nufi. Tun bayan rikicin shekarar 2000 kogin ya zama kamar iyaka, Musulmi suka tattara a arewa, Kirista a kudu, rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 kuma ya ƙara wa tsoro nauyi. Ba a daɗe da wannan ba Baba ya ce can zan yi karatu. Kawuna ya zo har shago ya yi masa magana, Inna ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Shi dai Baba tela ne, kuma allura ba ta tambayar addinin mai riga. A cikin masu kawo masa ɗinki akwai wani dattijo da ya yi karatu a Kwalejin Rimi tun tana St. John's, kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970. Baba ya ce shekara da shekaru yana yi wa mutumin nan ɗinki bai taɓa jin ya saɓa alkawari ba, kuma ya sha ganin ya dawo da canjin da aka ba shi fiye da ƙima. Ya ce inda aka horar da wannan, can yake son a horar da ɗansa. Da sharaɗi ɗaya aka yi: ba zan bar Islamiyyar yamma ba. Makarantar ma ba ta taɓa tilasta mana shiga coci ba. Idan za a yi addu'a, mu Musulmi 'yan kaɗan sai a bar mu a wani aji da littattafanmu.

Shekarar farko ta zo mini da sauƙi. Ina da kaifin hadda, abin da Islamiyya ta wasa mini tun ina ƙarami, duk abin da malami ya rubuta a allo nakan kwashe shi in mayar masa a takardar jarrabawa ba tare da waƙafi ya ɓace ba. Sau uku ina zuwa cikin goman farko. Ranar da aka ba da hutu nakan sauka daga bas in wuce shago kai tsaye, Baba ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, ya gyara zama, in buɗe ambulan in karanta masa. Wasiƙar Sista ya fi so. Yakan tsayar da ni ya ce, "Wane gida ka ce ya ci tsere? Naku ne?" Yakan yi wa malamin da ya yi ritaya addu'a kamar ya san shi. Idan na zo kan kuɗin makaranta sai ya yi shiru, ya ɗan kalli tarin yadin da ke jiran almakashi, ya ce, "Ci gaba."

Zangon farko na aji biyu ya ƙare a tsakiyar Disamba, hunturu ya sauka, hazo ya rufe gada. A makaranta an ƙawata zaure da takardu masu launi, ƙananan yara sun yi wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa, an rera waƙoƙin Kirsimeti, sannan malaman aji suka raba ambulan. A bas na buɗe nawa. Cikin mu 43 na zo na 27. Lissafi da jan biro aka rubuta shi, kimiyya da ƙyar na tsallake. Daga gada zuwa Tudun Wada ban ga komai a hanya ba, sai fuskar kawuna da abin da zai ce.

Na tarar da Baba cikin ɗinkin Kirsimeti, atamfa da leshi sun cika shago, tef a wuyansa, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Na fara da wasiƙa, na ja ta yadda zan iya. Da na zo kan kati sai na ji bakina ya ce, "Na zo na bakwai, Baba." Ya miƙo hannu ya karɓi katin, ya duba shi na ɗan lokaci, ya ce, "To, madalla." Ya ajiye shi a aljihun keke ya ci gaba da taka feda. Na fita ina jin na tsira. Abin da hankalina na ɗan shekara goma sha uku bai kawo mini ba shi ne, mutumin da ya yi shekara talatin yana auna kafaɗa da tsawon riga da tef ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane 27.

Hutun nan na mako uku bai ce mini uffan ba. Ya saya mini sabon takalmi, ya biya kuɗin makaranta, har ya sa ni rubuta masa awon masu ɗinki a littafinsa, ina rubuta lambobi yana kallo, amma ban farga ba. Daren da za mu koma ya fito da katin ya ba ni. A filin sa hannu ya rubuta sunansa da ajami kamar kullum, sai dai a ƙasa ya ƙara layi huɗu. Ya ce, "Ka kai wa Sista hannu da hannu. Ba ta karanta irin rubutunmu, kai za ka karanta mata." A ɗaki, da hasken tocila, na karanta abin da ya rubuta, barci kuwa bai zo ba sai gab da asuba.

Shugabar makarantarmu 'yar kudancin Kaduna ce, Hausa a bakinta kamar ta gada, amma ajami a wurinta zane ne kawai. Na same ta a ofis bayan taron safe. Ta juya katin, ta dubi rubutun, ta ce, "Me Babanka yake cewa, ɗana?" A wannan lokacin babu abin da ya fi sauƙi irin in ce yana gaisuwa, yana godiya, yana roƙon a ƙara sa mini ido. Babu mai ƙaryata ni a ɗakin nan, Baba kuma ya san haka sarai lokacin da yake rubutawa. Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan: na ci amanarsa, shi kuma ya sake ɗauko wata amanar ya ɗora a hannun da ya ci ta farko. Na karanta kamar yadda yake a rubuce, muryata tana rawa: "Gaisuwa ga Sista, ranki ya daɗe. Yarona ya karanta mini na bakwai, ni kuwa na ga 27. Ban doke shi ba. Idan ya karanta miki wannan daidai, to rigar tana gyaruwa, ki taimake ni. Idan ya karanta miki wani abu dabam, Allah ya gani."

Sista ta cire tabarau ta ajiye. Na jira bulala, ko aƙalla a kira sunana a gaban taro. Abin da ta ce shi ne, "Koma aji. In an tashi ka zo da takardun jarrabawarka duka." Da yamma ta kira malamin lissafi, suka baje takardun a tebur suna bi tambaya bayan tambaya, kamar yadda Baba yake warware ɗinkin da ya karkace don ya ga inda allura ta fara kaucewa. Ba su daɗe ba suka gano wurin. Duk tambayar da ta zo daidai da misalin da aka yi a allo na ci ta. Duk wadda aka sauya wa lamba ko aka juya wa fuska na faɗi, har a wani wuri na kwafo amsar misalin aji na ɗora wa tambayar da ba tata ba. Hadda ta kawo ni iyakar inda za ta iya. Tana da muhallinta, da ita ake tsare nassi kada ya sauya, kuma har gobe ina godiya da ita. Amma aljabara tana son yaro ya nemo abin da ba a taɓa faɗa masa ba, ni kuwa ban taɓa sanin ana neman hakan a makaranta ba.

Malamin ya riƙe ni rabin sa'a bayan tashi, sau uku a mako. Da ya ji sana'ar Baba sai ya bar littafi ya shiga shago da ni. Idan doguwar riga tana cin yadi huɗu, aka kawo yadi 22, aka ɗinka riguna, yadi biyu ya rage, riga nawa aka ɗinka? Na ce biyar tun kafin ya rufe baki. Ya ce to rubuta yadda ka yi, inda ba ka san adadin riguna ba ka sa harafi ya riƙe wurin. A ranar na gane cewa harafin nan da ke firgita ni a allo sunan abin da ake nema ne kawai, kuma Baba yana warware irinsa da ka sau goma a wuni, da alli a hannu. A zango na biyu na zo na 19, a na uku na 14. Ban taɓa zuwa na ɗaya ba har na gama, amma daga nan duk lambar da ke katina na san yadda aka yi ta zo.

Sista ba ta bar ni haka ba. A ƙarshen wannan zangon ta ba ni wasiƙar iyaye tun kafin a buga, ta ce in mayar da ita Hausa, domin ta lura akwai iyaye da yawa, Musulmi da Kirista, da Hausa ta fi zama musu kusa. Na ɗauka aikin minti goma ne, sai ga ni kwana biyu ina fama da jimla ɗaya. Akwai zangon da aka kori wani ɗalibin babban aji saboda satar amsa, wasiƙar ta faɗi haka ba tare da suna ba. A fassarata na rubuta cewa ya bar makaranta. Sista ta ja layi a ƙarƙashin kalmar, ta ce, "Shi ya bari, ko mu muka kore shi?" Na gyara. Haka na yi ta yi har zango goma sha ɗaya, kuma wannan aikin ne ya kai ni sashen harsuna a jami'a.

Yanzu da na girma nakan ga ƙaryata ta Disamba a wurare da yawa, ta yi girma ta sa babbar riga. Tambayar da yawancin iyaye ke yi a ƙarshen zango ɗaya ce, na nawa ka zo, kuma makarantun kuɗi da yawa sun koyi ba da amsar da ake so, don kada a cire yaro a kai shi wani wuri. Kowa ya san akwai cibiyoyin da ake biya a rubuta wa ɗalibai amsa a allo lokacin jarrabawar WAEC ko NECO. Yaro ya fito da takarda mai cewa bakwai, kansa yana ɗauke da 27, kuma babu wanda zai zauna ya baje takardunsa ya nemo inda ɗinkin ya kauce, tunda a rubuce babu abin da ya kauce. Da katina ya zo da bakwai ɗin da na so, da malamin lissafi bai taɓa riƙe ni ba, da har yau ina kwashe misali ina mayarwa. Jan biron nan shi ya nuna inda za a gyara, rubutun Baba kuma ya sa na tsaya aka gyara.

Katunan nan goma sha takwas suna nan a aljihun keken Baba, ɗaure da ƙyallen atamfa. Ranar da na karɓo takardar shaidar digirina, shago na fara zuwa kamar dā. Ya ɗaga ƙafa daga feda, ya goge hannu a jikin rigarsa, ya karɓa ya juya ta gaba da baya. A wannan takarda darajar da mutum ya samu da kalmomi ake rubuta ta, babu lambar da tef zai taimake shi ya gane. Ya miƙo mini ya ce, "Karanta mini." Na karanta masa sunan jami'a, da sunana, da nasa a bayan nawa, sannan na ce daraja ta biyu ce, ƙaramar, saura kaɗan in kai babbar ban kai ba. Ya dube ni, ya ce, "To, madalla." Ya buɗe aljihun keke, ya ga takardar ta fi ƙarfin wurin, sai ya ce in riƙe masa tukuna, zai sa a yi mata gilashi idan ya gama rigar da ke hannunsa.