Kar ku bar waya ta zaɓa muku laimar kwaɗi

Da daminar bara na gyara wa wani kwastoma kyamara, sai muka gwada ta a kan laimar kwaɗin da ta tsiro bayan shagona. Manhaja ta ce ana ci. Muka sake ɗauka ta gefe, ta ce guba ce. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Tun ranar na koma littafi mai hotuna. In za ku saya, ku duba ya nuna ƙarƙashin laimar da gindinta har cikin ƙasa, kuma a kan tsiron yankinku aka rubuta shi. Akwai Amanita phalloides, sai bayan awa 6 ko fiye ciwonta ke tashi, tana lalata hanta. In kuna shakka, kar ku ci.