Rumbun Rubutu: Wace Saba Ce Daidai Aljihun Marubuci?

Duk wanda ya daɗe yana sakin labari kashi-kashi a Facebook ko WhatsApp ya san ciwon abin: bayan wata uku babi na farko ya nutse, mai karatu ya nema bai samu ba, wani kuma ya kwafa ya cire sunanka. Shi ya sa da yawanmu muke son shafin intanet na kanmu. Shafi kuwa sai da saba, wato kwamfutar da ba ta barci, wadda ke riƙe da rubutunka tana miƙa wa duk wanda ya nema, dare da rana.

Ni da wani abokina na Kebbe mun sha muhawara a kan wannan. Shi yana ganin gara mu sayi tsohuwar kwamfutar tebur mu ajiye a shagonsa, abinmu a hannunmu. Na fahimci dalilinsa, amma na lissafa masa abubuwa uku. Na farko wuta: irin wannan kwamfuta tana iya cin wat 60 ko fiye, awa 24, kuma mu a Tambuwal da Kebbe mun san yadda lantarki yake. Na biyu zafi: a watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40 a ƙasar Sakkwato, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka. Na uku shi ne wanda ba a cika sani ba: layukan waya galibi suna haɗa mutane da yawa a adireshin intanet ɗaya, don haka mai karatu daga Kano ba zai iya ƙwanƙwasa ƙofar na'urarka kai tsaye ba.

Akwai Raspberry Pi, 'yar kwamfutar da aka fara sayarwa a Ingila a 2012. Girmanta kamar katin banki, wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramar sola ta ishe ta. Ga mai son koyo ta yi kyau ƙwarai, sai dai ba ta magance matsalar adireshi.

Shawarar da na tsaya a kai ita ce haya. Manomin Kebbe ba ya gina rumbun dame ɗari alhali goma ya noma. Littafi mai kalma 50,000 bai wuce kilobait 300 ba, hoto ɗaya na waya ya fi shi nauyi. Gigabait ɗaya zai ɗauki irinsa sama da 3,000. Ke nan mafi arhar haya, wadda ake raba saba ɗaya tsakanin shafuka da yawa, ta ishi marubuci. VPS, wato ɗakinka kai kaɗai a cikin sabar, sai masu karatu sun yi yawa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kafin ka biya, duba huɗu. A nemi mai karɓar naira: a Yunin 2023 aka saki farashin canji, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, masu biya da dala suka ji jiki. A tambayi kuɗin sabuntawa, domin na shekarar farko yakan zo da ragi. A yi rajistar sunan shafin da sunanka, ba na wanda ya gina maka ba. Sunaye masu ƙarewa da.ng hukumar NiRA ce ke kula da su. Sannan a gwada rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Idan suka koma alamar tambaya, ba a saita shafin a kan UTF-8 ba, kuma ƙafa da kafa ba ɗaya ba ne.

Komai kyawun saba, ajiye kwafin rubutunka a wayarka da kuma wani wuri dabam. Gidan haya ba gidan gado ba ne. Allah Ya sa wa alƙalumanmu albarka.